Maƙabartar Makaronin Ozella

A cocinmu ba a ɗiban gasasshen makaroni da cuku sai an yi tambaya. Mutum zai tsaya da farantinsa a hannu, ya leƙa tiren, ya ce, "Wa ya yi makaronin?" In aka ce Sista Ozella ce, sai ya lafta har yana zuba. In aka ambaci wani suna, nan take zai tuna likita ya hana shi cin maiƙo. Shekara talatin da huɗu ana haka, a bikin aure, a zaman makoki, ranar bikin Godiya na shekara-shekara da ranar Kirsimeti.

Ni ce Vernice. Gidana na kallon nata, titi ne kawai tsakaninmu. Tare muka shiga firamare, tare muka tsinci gyaɗa a gonakin mutane nan kudancin jihar Jojiya ta Amurka, kuma tun lokacin muke faɗa. Ban taɓa ganin mace mai taurin kai irin Ozella ba, ita ma abin da take faɗa a kaina ke nan.

Tana da shekara sha tara ta auri Cleophus Tarver, ma'aikacin injin gyaɗa. Shi ya gina musu gidan da hannunsa, Asabar bayan Asabar har shekara uku, shi ya sa har yau ƙofar kicin ɗin ba ta rufuwa sai an ɗan ɗaga ta. Ozella ta yi shekara talatin da ɗaya tana dafa wa 'yan makaranta abinci. Ta haifi biyu. Junior haɗarin mota ya ɗauke shi yana da ashirin da biyu. Darnetta kuma ta zama ma'aikaciyar jinya a Atlanta. Da Cleophus ya rasu, shekara tara da suka wuce, sai ya zama daga Ozella sai gidan.

Makaronin a wurin surukarta Mama Lula ta gaje shi, kuma ba da sauƙi ba. Shekara goma sha biyu tana goga cuku kawai, yatsunta duk tabo, ba a bar ta ta taɓa tire ba. Babu awo, babu takarda. In ka tambaye ta madara nawa ake zubawa, sai ta ce, "Zuba za ki yi har hannunki ya tsaya da kansa. In bai tsaya ba, ba aikinki ba ne." Kuma tana da ƙa'ida ɗaya: ba ta ci sai kowa ya ɗiba, sannan a bar mata kusurwar tiren, inda cuku ya ƙone ya yi ƙaras-ƙaras. Ko fasto bai isa ya taɓa kusurwar nan ba.

Sau ɗaya na taɓa yin makaronin coci, shekarar da aka yi mata aiki a ciki. Rabin tire aka dawo mini da shi. Na kai mata ɗan kaɗan asibiti don in ji ta bakinta, ta ɗanɗana tana kwance da robar ruwa a hannu, ta ce, "Vernice, kin cika gishiri, kuma kina tsoron cuku." Tun daga ranar aka naɗa ni mai kawo farantan takarda da ƙanƙara. Duk wanda aka ce ya kawo farantan takarda ya san matsayinsa. Na yi fushi da ita wata biyu, har gobe kuma abin yana sosa mini rai.

Bara abin ya fara. Da farko dariya muke yi. Ta sa tabarau a cikin firji, ta zo gidana tana zargina da ɗauka. Daga baya dariyar ta ɗauke. Wata Lahadi a coci ta juyo ta tambaye ni ko na ga Cleophus ya fita shan taba. A watan Yuli ta ɗora wake ta fita ban ruwan furanni, sai da hayaƙi ya fito ta taga maƙwabta suka kira 'yan kwana-kwana.

Darnetta ta zo a ranar, da kayan aikinta a jiki. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji komai.

"Mama, ki ji ni da kyau. Saura sau ɗaya. In kika sake yin wasa da wuta, na riga na ga wani gidan tsofaffi kusa da ni, mai tsabta, akwai masu kula dare da rana."

"Ke 'yar nan, a gidan ubanki kike tsaye. Daga nan sai maƙabarta."

"Abin da nake gudu ke nan, Mama."

Darnetta ta so ta sayo mata obin gasa abinci na lantarki a madadin tsohon, irin wanda sai an buɗe gas an durƙusa an kunna da ashana. Ozella ta ce lantarki bai san makaroni ba. Kafin Darnetta ta shiga mota ta riƙe hannuna ta ce, "Anti Vernice, ke ce idona. Duk abin da kika gani ki faɗa mini." Na ce to. A zuciyata kuwa na ce ban tsufa don in zama 'yar leƙen asirin kowa ba. Na taɓa zuwa irin gidajen nan duba wata 'yar'uwata. Tsabta kam akwai. Amma na ga mata zaune a jere suna kallon bango, babu wadda aka bari ta kunna ko da butar shayi.

Da Oktoba ta kama, sabon fastonmu ya ce za a yi wa yara bikin Halowin, na shigar dodanni da fatalwa, a harabar coci da la'asar, don kada su yi ta yawo a titi suna roƙon alewa. Tsofaffi suka yi gunaguni cewa bikin Shaiɗan ne, amma kowa ya rubuta abin da zai kawo. Darnetta ta turo wa uwarta hoto a waya: tiren makaroni an mayar da shi maƙabarta, an kakkafa biskit kamar duwatsun kabari, an yanka baƙin zaitun an yi gizo-gizo, an yanka farin cuku an yi fatalwa. Ta ce za ta zo da kanta ta ci.

Ozella ta taɓe baki. "Abinci ne ko wasan yara?"

"To ki ce ba za ki yi ba mana."

"Don ta ce na kasa? Ke kina jin cin makaroni zai kawo ta? Jarrabawa za ta zo yi mini." Ta duba hannuwanta. "Vernice, wani lokaci sai in farka a tsakiyar ɗaki ban san me ya kawo ni ba. Kada ki faɗa wa kowa."

Ban taɓa jin Ozella ta roƙe ni komai ba sai ranar. 

Ranar bikin, wajen ƙarfe goma na safe, na tsallaka da gwangwanin zaitun da ta ce in sayo. Ban kai ga taka matakalar baranda ba warin ya buge ni. Gas.  Na ɗaga ƙofar kicin na tura.

Tana zaune a teburi, da hular coci a kanta da rigar barci a jikinta. Tagogi duk a rufe. Ƙofar obin a buɗe take, gas yana fita yana huci, babu wuta. Ita kuwa ta duƙufa tana rubutu a kan biskit da baƙin sukarin ado, a natse, kamar ɗalibar da ke son ta zo na ɗaya.

"Ozella!"

Ta ɗago ta dube ni. Idanun nata ne, amma babu ni a cikinsu. Ta yi mini murmushin da ake yi wa baƙo.

"Sannu baiwar Allah. Wa kike nema? Maigidan ya fita, yanzu zai dawo."

 Shekara saba'in da sanin juna, yau ni ce baiwar Allah.

"Zauna mana," in ji ta. "Bari in kunna wutar nan, sanyi ake yi." Ta miƙa hannu ta ɗauki kwalin ashana, ta zaro tsinke ɗaya.

Ni da gwiwata ba ta barina in hau matakala uku ba hutu, ban san yadda na ƙetare kicin ɗin ba. Na cafke hannunta da hannu biyu. Ozella ƙarfi gare ta, shekara talatin da ɗaya tana ɗaga tukwanen makaranta. Muka kama kokawa, kan ashanar yana dab da jikin kwalin, ina kallonsa. Tana cewa, "Sake ni! Ɓarauniya! Cleophus!" Ina cewa, "Ya Yesu, ya Yesu," don babu wata kalma da ta rage a bakina. Sai da na cije ta a wuyan hannu ta saki. Eh, na cije ta. Na jefa ashanar cikin rigata, na murɗe gas na rufe, na bubbuɗe tagogi, na ja ta har baranda.

Muka zauna muna haki. Ta ɗan yi kuka, ta ce kanta na ciwo, ba a jima ba barci ya kwashe ta a kujerar lilo, hular coci ta karkace. Na tsaya ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka. Sai da na tabbata numfashin lafiya lau yake na koma ciki.

Tiren na kan teburi. Makaronin ɗanye ne, ba a tafasa ba. Ta zuba madara a kai, ta fasa ƙwai shida har da ɓawonsu. Cukun yana nan a ledarsa ba a buɗe ba.

Sai biskit ɗin. A hoton da Darnetta ta turo, sunayen ban dariya aka rubuta. Ozella ta jera nata a kan tsumma, da kyakkyawan rubutunta: Lula. Junior. Idella, yayarta. Cleophus. Kowanne da shekarar haihuwa da ta rasuwa, babu kuskure ko ɗaya, kuma a jeren da suka tafi. Na biyar an rubuta Ozella, da shekarar haihuwarta, da ɗan layi, sauran wurin babu komai. Na zauna a kujerar da ta tashi.

Wayata na cikin aljihu. Na san abin da ya kamata in yi, ba sai an faɗa mini ba. Amma na dubi ƙofar da Cleophus ya rataya a karkace, na dubi zanen fensir a bango inda suke auna tsawon Junior, na tuna matan nan masu kallon bango. Na ce a'a, ba da bakina za a fitar da ita ba.

Na kwashe tiren na tsallaka gidana, na zubar da abin a shara. Ina da makaroni, ina da madarar gwangwani da ƙwai, ga cukunta kala uku. Ai shekara hamsin ina kallon hannunta. Na tafasa, na tsane, na kaɗa ƙwai da madara, na jera hawa-hawa yadda take yi. Kowane minti biyar sai na leƙa taga in ga ko tana nan a kujera. Da na zo gishiri na rage, na sake ragewa. Da na zo cuku na zuba har raina ya ce ya isa, sannan na ƙara. Hannuna bai tsaya da kansa ba ko sau ɗaya, ni na tsayar da shi. Na sa tiren a wuta ya gasu. Na rubuta sababbin biskit, su Malam Ƙashi da Goggo Tari, na yi gizo-gizon zaitun, na yanka fatalwowi. Huɗun nan masu sunayen mamata na murmushe su na watsa wa tsuntsaye. Na biyar ɗin na kasa, na naɗe shi a hankici.

Ƙarfe biyu na ɗora tiren a kan obin ɗinta. Ta farka garau, kamar ba ita ba.

"Ke kuma me kike yi a kicin ɗina?"

"Zaitun na kawo miki. Har kin gama kin yi barci."

Ta dubi tiren ta daɗe. Ta shafa wuyan hannunta inda haƙorana suka zauna. "Me ya same ni nan?"

"Ƙofar nan taku ce ta datse ki. Je ki sa kaya, ko da rigar barci za ki tafi?"

Harabar coci ta cika da kabewa masu haƙora da yara sanye da kayan dodanni. Wani yaro mai shigar ƙwarangwal ya yi mini ihu a kunne, ko gezau ban yi ba, na riga na ga abin tsoro tun safe. Aka buɗe tiren, yara suka yi caa a kai.

"Wa ya yi makaronin?" in ji Dikin Purvis, dattijon da ke riƙe da ƙofar coci.

"Sista Ozella mana."

"To a cika mini. A sa mini kabari biyu, tunda ba a san gawar fari ba."

Aka yi dariya. Ina tsaye bayan farantan takardata ina ƙirga cokula. Babu wanda ya yamutsa fuska. Dikin Purvis ya dawo ƙari. Darnetta ta ci, ta lumshe ido, ta rungume uwarta ta baya. "Mama, ashe hannunki na nan. Na ji tsoro a banza." Har da hawayenta. Na sauke ajiyar zuciya, na ce mun tsallake. Ƙarya ba zan yi ba, har wani ɗan daɗi na ji, makaronina ne fa ake lashe cokali a kansa.

Na manta da kusurwa.

Da layi ya ƙare, Darnetta ta kankaro kusurwar tiren ta kai wa uwarta inda take zaune ƙarƙashin bishiya. Ozella ta kai cokali baki. Ta tauna a hankali. Ta sake kai na biyu. Sai ta ajiye cokalin ta ɗago kai, idanunta suka bi taron har suka same ni. Wannan karon ina cikinsu sarai. Ta yafuto ni da yatsa.

Na je na zauna kusa da ita. Darnetta ta koma wajen yara.

"Kin rage gishirin," in ji ta ƙasa-ƙasa. "Amma har yanzu kina tsoron cuku."

"Me kike faɗa haka? Ke kika..."

"Rufe mini baki, Vernice. Ko a cikin kabari aka sa mini abincinki zan gane." Ta juya wuyan hannunta ta nuna mini. "Kuma ƙofa ba ta da haƙora."

Na dubi shatin haƙorana a fatarta.

"Shekara ashirin da bakwai kina jin haushina a kan makaronin nan. Ko da bindiga ba za a sa ki sake yi ba. In har kika shiga kicin kika yi shi da sunana, to abin da na aikata da safe ya kai a ji tsoro." Ta ture farantin gefe. "Na nema a kaina, babu komai. Na tuna na ɗauko tire. Daga nan sai na farka a baranda."

"Ozella, ba wani abu ba ne, ɗan..."

"Wuta ce?"

Na kau da kai.

"Kina ciki?"

Na gyaɗa kai.

Ta rufe ido. Na ga tsoro a fuskar matar da ta binne ɗa da miji ba ta faɗi ƙasa ba. Ta kama hannuna ta matse har na ji zafi.

"Kada ki faɗa mini sauran. Ba na so in sani."

"Zan riƙa zuwa kullum," na ce, ina kuka kamar yarinya. "Zan ɗauke ashanar. Zan kwana a gidan. Babu wanda zai sani."

"Ke da ba ki iya hawa matakala ba? Ranar da kika makara fa? Ranar da na riga ki ƙyastawa fa? In tafi da ke, in tafi da gidan Cleophus?" Ta girgiza kai. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kin ɓoye mini na yau, na gode. Kira mini yarinyar nan."

Ban kira ta ba, ita ta ɗaga murya ta kira. Ta buɗe jakarta ta zaro makullin gidan, wanda ke ɗaure da tsohon zaren takalmin Junior, ta sa a tafin hannun 'yarta ta naɗe yatsun a kai. Darnetta ta tsaya baki buɗe. "Mama, me ya faru? Ai komai ya yi daidai." Ozella ta ce, "Makaronin ya yi daɗi, shi ya sa. Gara in tashi ana lashe cokali." Ko kallona ba ta yi ba, har yau kuma Darnetta ba ta san wa ya yi tiren nan ba.

Sati uku bayan haka suka tafi. Ina zuwa duba ta duk wata, jikana na kai ni. Wani zuwan ta gane ni ta zage ni, in dawo da farin ciki. Wani zuwan ni ce baiwar Allah. Gidan yana nan a rufe, kullum ina ganinsa ta tagar kicin. Biskit ɗin nan mai sunanta yana cikin hankici a durowata, na kasa jefarwa, na kasa buɗewa. Kwanakin baya na tsinci tabarauna a cikin kwanon sukari, na daɗe a tsaye ina kallonsa.

Ranar Godiya da ta wuce, matan coci suka zauna rabon aiki. Aka zo kan makaroni, kowa ya sunkuyar da kai. Matar fasto ta ce, "Sista Vernice, ke kika fi kowa zama kusa da ita. Ko za ki gwada?"

Na ce su bar ni da farantan takardata.